Kamun Wa Za A Bi? Bayani A Kan Koya Wa Yara Awon Mita

 Ina so in yi magana a kan wata mas'ala wadda ake ɗauka ƙarama ce, alhali kuwa tana cinye wa mutane dukiya, tana kuma haddasa husuma tsakanin maƙwabta, watau sha'anin awon tsawo, da yadda ya kamata a koya wa yara shi tun suna ƙanana.

Abin da ya jawo maganar, kwanakin baya igiyar gugarmu ta tsinke. Na aiki wani ɗan almajiri kasuwa, na ce ya sayo gaba goma. Yaro ya je, mai igiya ya ce masa auna da kanka, ya buɗe hannuwansa ya auna gaba goma cif, ya biya, ya kawo. Aka zura guga, ta tsaya tana reto, ko ruwa ba ta taɓa ba. Na tashi zan yi faɗa, sai na ga ba mai laifi sai ni. Yaro bai yi ƙarya ba, mai igiya ma ba ni da hujjar da zan kama shi da ita. Buɗin hannuwana dabam, na ɗan shekara takwas dabam.

Ku sani, awon da muka gada, da kamu da ɗani da gaba da taku, duk a jikin mutum suke, mutane kuwa ba tsawonsu ɗaya ba. Ba mu kaɗai wannan ya dama ba. Malam Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza cikin 1058, ya lissafa zira'i iri bakwai a littafinsa Ahkamus Sulɗaniyya, kowane da tsawonsa da aikin da ake yi da shi. A Misira kuwa, cikin 861, aka gina ma'aunin kogin Nilu a tsibirin Rauda, aka tsaga zira'i a jikin ginshiƙin dutse, domin harajin manoma ya rataya ga cikowar ruwa, ba a yarda a bar shi ga hannun kowa ba.

Mita ita ma maganin wannan ciwo aka nema da ita. A Faransa, cikin 1791, masana suka shirya a ɗauki tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu, a kasa ta kashi miliyan 10, kashi guda shi ne mita. Aka aiki mutum biyu, Delambre da Méchain, suka shekara kamar shida suna awon ƙasa daga Dunkerque zuwa Barcelona. Cikin 1799 aka ƙera sanda ta farin ƙarfe mai tsada aka ajiye ta zama abin komawa. Cikin 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a kan yarjejeniyar mita. Yanzu kuma ba a dogara ga sanda, tun daga 1983 da gudun haske ake ƙayyade ta, wanda ba ya tsatsa, ba ya miƙewa da zafi. Mutanen Nijar sun daɗe da ita tun zamanin Faransawa. Nijeriya ta koma gare ta a cikin shekarun 1970, zamanin da aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo cikin 1973. Amma har yanzu a Kantin Kwari yadi ake yanka, fili kuma da ƙafa ake faɗinsa. Saboda haka yaronmu tilas ya rayu da awo biyu, wanda bai san tsakaninsu ba kuwa shi ake ci.

To, yaya za a koyar? Kada a fara da miƙa wa yaro rula. Wannan kamar a ba shi littafi ne bai san baƙi ba. A fara da gardama. A sa yara uku, babba da matsakaici da ƙarami, su auna tsawon zaure da taku. Wannan ya ce goma sha biyu, wancan ya ce goma sha biyar, ƙaramin ya rantse goma sha tara ne. A bar su su yi ta musu, malam ya yi shiru. Sa'an nan ya tambaye su: zauren ne ya miƙe, ko kuwa? Da kansu za su gane inda cutar take. Ranar nan darasi ya ƙare ke nan, kada a daɗa kome.

Kashegari a yanko kara guda, kowa ya auna da shi, su ga lissafi ya zo ɗaya. Daga nan a nuna musu cewa karanmu ba a san shi a Katsina ba, balle Maraɗi, sai fa in akwai wani kara wanda duniya duka ta yarda da tsawonsa. Nan ne sunan mita zai shiga, ya sami wurin zama a zuciyarsu. A ari tef wurin tela ko kafinta, a yanka wa kowane yaro karansa na mita ɗaya daidai. A yi kwanaki ana auna katanga da tabarma da bakin rijiya, ana zana ƙarshen kowace mita da gawayi, kada a bar giɓi tsakanin ɗora kara da ɗora kara, kada kuma a hau kan wanda aka riga aka auna.

Ba da jimawa ba wani zai zo ya ce, Malam, allona bai kai mita ba. Madalla, lokacin santimita ya yi. A kasa kara goma, kowane kashi kuma goma, ya zama ɗari. Wannan ba ya yi wa yaran yanzu wuya, gama ƙirga na goma goma ne, irin wanda suke yi da yatsu. Ku tuna wahalar da aka sha da inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya. A nan kuwa milimita 10 santimita ce, santimita 100 mita ce, mita 1,000 kilomita ce, shi ke nan. Milimita dai a ɗaga wa ɗan shekara shida ƙafa, idonsa bai kai ba tukuna.

Akwai kuskure guda wanda na ga kusan kowane yaro yana faɗawa ciki, har da waɗansu masu gemu. Sai ya ɗora bakin abin da zai auna a kan lamba ɗaya, domin ya saba ƙirga daga ɗaya yake farawa. Awo daga sifiri yake farawa, kuma ba zanen ake ƙirgawa ba, tazarar da ke tsakanin zane da zane ita ake ƙirgawa. Dabarar da na ga ta fi ci ita ce a ba yaro karyayyiyar rula wadda ta fara daga 3, a ɗora alƙalami ya ƙare a kan 15. In ya ce 15 bai gane ba tukuna. In ya ce 12, to, ya san awo. Har wa yau a gargaɗe shi cewa tef fuska biyu gare shi, inci a ɗaya, santimita a ɗaya. Na san wanda ya aika da awon ƙofa 80 yana nufin santimita, aka karanta masa a fuskar inci.

A kuma saba musu da kintace kafin awo. Faɗin ɗan yatsan yaro kamar santimita ɗaya ne, dogon takun babban mutum ya kusa mita, ƙofar ɗakin zamani kamar mita biyu, kilomita kuwa tafiyar minti goma sha biyu ce ga mai sauri kaɗan. Yaro ya faɗi abin da yake tsammani, kana ya auna ya ga inda ya kauce. Wanda ya saba da haka, in an faɗa masa awon da hankali ba zai ɗauka ba, tun kafin a jawo tef zai tsaya.

Ga 'yan kasuwa kuma, yaran da ke zama a rumfunanku ku sa su haddace waɗannan kamar karatu. Tun 1959 aka daidaita cewa inci santimita 2.54 ne, yadi kuma santimita 91.44, watau mita ta ɗara yadi da kamar faɗin tafin hannu. Turmin atamfa mai yadi 6 bai cika mita biyar da rabi ba sai da ɗan kaɗan. Wanda ya biya kuɗin mita 100 aka auna masa yadi 100, an rage masa fiye da mita takwas da rabi. Fili mai ƙafa 50 da ƙafa 100, a takardar ma'auna za ka tarar da shi mita 15 da mita 30 da 'yan kai. Mil biyar kuwa kilomita takwas ne.

Rijiyarmu dai yara sun zura zare da dutse sun auna ta da karansu, an rubuta adadin da gawayi a jikin katanga, da mita za a sayo igiya ta gaba.