Rumfar Taga: Lissafin Inuwa da Zafin Aji a Ƙasar Gumel

Duk ɗalibin da ya taɓa zama kusa da tagar yamma a wani aji a Gumel ko Maigatari cikin watan Afrilu ya san zafin bazara. A wannan lokaci ma'aunin zafi kan haura digiri 40. Gilashin taga yana barin fiye da kashi 80 cikin 100 na zafin ranar da ya faɗa masa ya shige ɗaki, tagar ƙarfe kuwa gasuwa take yi ta riƙa feso zafin ciki. Labule ba ya magance matsalar sosai, domin kafin ya tare hasken, zafin ya riga ya shigo. Dabarar ita ce a tare rana tun daga waje, da 'yar rumfa a saman taga.

To, yaya faɗin rumfar zai kasance? Masana gine-gine sukan lissafta wannan tun ba a aza tubali ba. Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar duk suna tsakanin digiri 12 da 13 arewa da Ikwaita. A garin Gumel, da tsakar rana a ƙarshen Disamba, rana kan karkata kudu, tsayinta daga doron ƙasa kimanin digiri 54. A ranar 21 ga Maris kuwa takan kai digiri 77.

Ƙa'idar ita ce: tsawon inuwar da ke sauka a bango daidai yake da faɗin rumfa sau tanjan na tsayin rana. A ɗauki tagar kudu mai tsawon santimita 120, da rumfa mai faɗin santimita 60 dab da samanta. A Maris tanjan ɗin ya kusa 4.5, don haka inuwa ta lulluɓe tagar baki ɗaya. A Disamba kuwa 1.4 ne, inuwar ta tsaya a santimita 84, ƙasan tagar ya sami rana daidai lokacin da hunturu ya sa ake marmarinta. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana kan koma arewa, amma tana can sama, saboda haka gajeriyar rumfa ta wadatar da tagar arewa.

Tagar yamma ce mai wuyar sha'ani. Da la'asar, idan rana ta sauko zuwa digiri 30, tanjan bai wuce 0.58 ba, ke nan sai rumfar ta zarce mita 2 kafin ta rufe tagar. A nan gara zana ko asabari da aka rataya daga waje, ko kuma a dasa darbejiya. Mafi alheri dai shi ne a miƙe ginin aji daga gabas zuwa yamma, tagoginsa su dubi kudu da arewa.

Bugu da ƙari, cikakken lissafi yana kula da hasken da ƙurar hunturu ke warwatsawa, da wanda rairayi ke mayarwa sama, da kuma zafin rumfar kanta. Rumfar kwano kan gasu, don haka ana bar mata rata da bango domin iska mai zafi ta fice. Manhajar kwamfuta irin su EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, tana haɗa waɗannan duka a kowace sa'a ta shekara.

Amma ɗalibi zai iya somawa da sanda. Ya kafa sanda mai tsawon santimita 100 a filin makaranta, ya auna inuwarta da tsakar rana, sannan ya raba tsawon sandar da na inuwar. Abin da ya samu shi ne tanjan na wannan rana, kuma da shi zai iya gaya wa magini faɗin rumfar da tagar kudu ta ajinsu take bukata.