Gudummawar 'Yan Manhajojin Ƙari Ga Aikin Masu Tsara Manhaja

1.0 Gabatarwa

Duk mai tsara manhajar kwamfuta yana da inda yake rubuta umarnonin da na'ura za ta bi, wato wata manhaja da ake kira edita. Edita shi kaɗai bai wuce allon rubutu ba. Abin da ke mayar da shi cikakkiyar maƙera shi ne 'yan manhajojin da ake jona masa, kowace da aikin da ta ƙware a kai. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana asalinsu da ayyukansu da kuma illar da ke tattare da su.

2.0 Asali

Dabarar ta daɗe. Editan GNU Emacs, wanda Richard Stallman ya fitar a 1985, ya zo da harshensa na Emacs Lisp domin mai amfani da shi ya ƙara masa abin da ya ga ya rasa. Haka Vim na Bram Moolenaar, wanda ya fito a 1991, ya bi sahu. Sai dai al'amarin ya ƙara bunƙasa bayan da kamfanin Microsoft ya fitar da Visual Studio Code a 2015, ya kuma buɗe masa kasuwar 'yan manhajoji.

3.0 Ire-irensu

Ana iya kasa su gida uku. Na farko su ne masu tsefe rubutu, kamar ESLint wadda Nicholas Zakas ya ƙirƙiro a 2013. Tana ja wa kuskuren JavaScript layi tun kafin a gwada manhajar. Na biyu su ne masu daidaita fasali, kamar Prettier ta 2017, wadda ke jera rubutun kowa bisa tsari guda, ta kashe gardamar da abokan aiki kan yi a kan tazara da waƙafi. Na uku su ne masu bin diddigi, kamar GitLens, wadda ke nuna wanda ya taɓa kowane layi da ranar da ya taɓa shi. Daga 2021 kuma aka sami irin su GitHub Copilot masu harsashen layukan da za su biyo baya.

4.0 Yarjejeniyar 2016

A da, kowane edita sai an rubuta masa tasa manhajar ga kowane harshe. Alal misali, editoci 10 da harsuna 20 na buƙatar ayyuka 200. A 2016 Microsoft da Red Hat da Codenvy suka sanar da yarjejeniyar da ake kira LSP. A tsarinta, masaniyar harshe tana zaune a wata manhaja dabam, edita kuwa tambaya kawai yake aikawa: ina aka fara bayyana wannan suna, ko me zai iya biyo bayan wannan kalma? Ta haka ayyuka 200 suka koma 30, ƙananan harsuna ma suka sami shiga.

5.0 Illa

Amma fa ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa ƙuda. A Visual Studio Code, 'yar manhaja tana da ikon da mai kwamfutar yake da shi: tana iya karanta fayilolinsa, ta kuma aika da su ta intanet. An sha kama waɗanda aka sa wa sunaye masu kama da na sanannu domin satar kalmomin sirri. Bugu da ƙari, tara su barkatai yana nauyaya edita, wani lokaci biyu su yi karo a kan aiki ɗaya.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa amfanin waɗannan manhajoji yana ga zaɓe ne. Wajibi ne mai aiki ya san wanda ya wallafa kowace kafin ya jona ta, ya sauke wadda ya daina amfani da ita, sannan ya karanta duk layin da aka yi masa harsashe kafin ya amince da shi, domin idan manhaja ta ɓaci shi za a tuhuma.