Dalilin Da Ya Sa Rage Ƙiba Ke Da Wuya

Sau da yawa mai ƙiba yakan ɗaura aniyar ragewa, bayan 'yan makonni yunwa ta ci ƙarfinsa, jama'a su ce ragwanci ne. Ilimin halittu ya nuna akwai wani dalili.

A 1994, Jeffrey Friedman da abokan aikinsa na Jami'ar Rockefeller a Amurka suka gano sinadarin leptin, wanda kitse ke zubawa cikin jini. Idan kitse ya ragu, leptin ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka yunwa ta faɗo wa ƙasa: ta tsananta sha'awar abinci, jiki kuma ya yi tsimin ƙarfinsa. Shi ya sa horon ciki na gaggawa bai cika ɗorewa ba.

Dabara ita ce a lallaɓi jiki. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci 4. A rage soye-soye da lemon kwalba, a yawaita wake da zogale masu riƙe ciki. Ga su nan a kasuwannin Samaru da Sabon Gari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar sauri ta rabin sa'a sau biyar.

Wanda ya karya doka yau, ya ci gaba gobe. Sannu ba ta hana zuwa.