Ko Kun Sani?

Ruwa na tafasa a digiri 100, amma cikin lagireton da murfinsa ke da lafiya yakan kai wajen 120 bai tafasa ba, saboda murfin na riƙe matsi. Don haka direban da ke ɗaukar hatsi daga Anka ko Bukkuyum zuwa Gummi a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, in ya toshe bakin lagireto da tsumma, ya cuci injinsa. Ƙura da ƙaiƙayi kuma sukan fara liƙewa ne a ragar na'urar sanyaya mota, wadda ke gaban lagireto, sai iska ta kasa ratsawa. Wanke ragar na rage zafin duka biyun.