Ko Kun Sani? Duhun Tabarau Ba Shi Ne Kariya Ba

Fatar da ke kewaye da ido tana cikin mafi siranta a jikin mutum, kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba. Shi ya sa tamoji ke fara bayyana a nan. Rana na cutar da ita ta hanya biyu: hasken UVA yana ratsa fata ya lalata kolajin, sinadarin da ke riƙe ta da ƙarfi, sannan yawan runtse ido a cikin rana yana naɗe ta a wuri guda har layin ya zauna.

Tabarau na iya kare wannan fata, amma abin da ya kamata kowa ya kiyaye shi ne, baƙin gilashi marar kariya ya fi rashinsa illa. Duhunsa na sa ƙofar baƙin ido ta buɗe, hasken mai cutarwa kuma ya ƙara samun hanyar shiga. A duba alamar kariya ta UV400 kafin a saya, a kuma zaɓi mai faɗin da ya rufe gefen ido. Gilashin likita na roba nau'in polikabonet yana tare kusan duk wannan haske ko da fari ne tas. Manoma da 'yan acaɓa suna cikin waɗanda suka fi buƙatar wannan kariya, har a ranar hazo ko gajimare.