A Duba Bushin Sifirin Kafin Kaka

A ƙasar Malumfashi da Funtuwa, da kaka ta yi, a-kori-kura ba ta hutawa. Ita ke kwaso masara da dawa da auduga daga ƙauyukan Ƙafur da Bakori zuwa kasuwa. Yawancin nauyin nan kuwa bisa sifirin na baya yake sauka, ko motar Peugeot 504 ce ko Hilux.

Sifirin dai fallayen ƙarfe ne da aka jera bisa juna. Babban cikinsu yana da ido gaba da baya. In an yi lodi, sifirin yakan miƙe ya ƙara tsawo. Don haka ba a kafe idon baya ba, an rataye shi ne da waɗansu ƙarafa biyu masu lilo. Cikin idon akwai roba, watau bushin, wadda ke hana ƙarfe cin ƙarfe.

Ƙurar hanya da ramuka da yawan lodi su ke kashe bushin. Irin motocin nan kamar tan 1 aka yi su su ɗauka, watau buhu 10 na masara mai kilo 100. Alamar bushin ya mutu ita ce a riƙa jin ƙwanƙwasa a baya in an faɗa rami, gindin motar kuma yana rangaji. In aka ƙyale, ƙusar da ta ratsa idon za ta cinye, wata rana ta karye da kaya a tsakiyar daji.

Ga yadda ake sakewa. A tsai da mota wuri mai tauri, a tokare tayoyin gaba. A ɗaga ta ta wajen shasi har nauyi ya bar sifirin, a tallafe ta da kututture mai ƙwari. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da mota. Sa'an nan a kwance notuna, a zare ƙusoshi, a fid da tsohuwar roba, a kankare tsatsa. A shafa wa sabuwar ruwan sabulu don ta shiga da sauƙi. Ban da baƙin mai, gama shi ke ruɓar da roba. Ƙusar da ta ci, a sake ta. In an yi wa dama, a yi wa hagu.

To, ga inda akan yi kuskure. Kada a ɗaure notuna tamau mota tana sama. Sai an sauke ta, ta zauna bisa tayoyinta, kana a ƙarasa ɗaurewa. In ba haka ba, robar za ta zauna a murɗe, ba ta daɗewa sai ta tsage.

Kuɗin bushin kaɗan ne, amma motar da ta kwana a hanya ta rasa kasuwar ranar, masu kaya kuma su nemi wata. Mai mota ya duba tasa tun amfanin gona bai zo gida ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.