Ma'aunin Zafin Iska: Ɗan Ƙaramin Abin Da Kan Sa Mota Shan Mai

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu na 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, masu motoci suka shiga neman dabarun rage shan mai. Wasu sun sa an cire musu akwatin matatar iska na asali an ɗaura wata irin matata mai siffar mazurari, wasu kuma sun sauya bututun iska ko injin ɗungurugum. Sai dai sau da yawa akan yi gyaran gangar Auzinawa, domin wajen wannan sauyi akan gusar da wani ɗan ƙaramin abu daga mazauninsa, wato ma'aunin zafin iskar da injin ke shaƙa.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, kafireta ce ke gauraya mai da iska. Motocin da suka biyo baya kuwa kwamfuta ke auna musu mai, kuma abin da take nema shi ne kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur, bisa nauyi. To, nauyin iska ba ɗaya ba ne kullum. Iskar da zafinta ya kai digiri 50 ta gaza mai digiri 20 nauyi da wajen kashi 9 cikin 100. Saboda haka tilas kwamfuta ta san zafin iskar kafin ta yanke yawan man da za ta sako, kuma wannan ma'auni ne ke kai mata labari.

Idan aka makala shi kusa da lagireto ko bakin salansa, ko aka dasa shi jikin bututun ƙarfe, zafin ƙarfen zai ɗauka maimakon na iska, musamman a cunkoson motoci irin na Ikko. Da zarar kwamfuta ta ga zafi ya yi yawa, sai ta jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta don kada injin ya yi ƙwanƙwasa. Ƙarfin mota ya ragu ke nan, direba ya ƙara taka totur, mai ya ƙara tafiya.

Idan kuma aka bar shi yana reto a wajen bututu inda iskar waje ke kaɗa shi, zai ba da labarin sanyin da babu shi a cikin injin, kwamfuta ta ɗauka iska mai nauyi ce ke shigowa, ta ƙara mai. Mafi muni shi ne a tsinke wayarsa, domin a motoci da dama kwamfuta takan karanta digiri 40 ƙasa da sifiri, ta kunna fitilar gargaɗi, ta koma aiki da ƙiyasi. Haka nan 'yan na'urorin da ake tallatawa wai suna ƙara ƙarfin mota, galibinsu ba abin da suke yi illa yi wa kwamfuta ƙaryar sanyi.

Gaskiya ne akwai wani ma'auni a jikin salansa mai duba hayaƙi, wanda ke gyara yawancin wannan kuskure idan mota ta miƙa hanya. Amma da safe kafin injin ya yi zafi, da lokacin da aka taka totur sosai, kwamfuta ba ta sauraronsa. Barnar ta fi yawa a motocin da ke lissafin iska ta hanyar matsinta da zafinta, irin su Honda Accord da Civic na shekarun 1990.

Ƙa'idar dai guda ce: a sa ma'aunin a tsakiyar iskar da ke gab da shiga injin, nesa da ƙarfe mai zafi. A mota mai turbo, mazauninsa bayan na'urar sanyaya iska ne, domin turbo na ƙara wa iska zafi ƙwarai.

Gwajin ba shi da wuya. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 suna da kafar da ake jona na'urar bincike. Sai mai mota ya sa bakanike ya duba da sassafe kafin a tayar da injin. Zafin iska da na ruwan injin ya kamata su yi kusan daidai da na gari. Idan suka yi hannun riga, ko lambar P0112 ko P0113 ta fito, to, da sauran aiki.

Saboda haka muna jan hankalin masu motoci da kanikawa, duk wanda zai taɓa bututun iska ya fara tambayar inda ma'aunin zai zauna, kada garin neman ƙiba a samo rama.